Zauren Ruwa: Tarihin Jirgin da Ya Hau Tudu

A cikin kalmomin Faransanci da ɗan makarantar Adar ke haddacewa ba tare da ya taɓa ganin abin da suke nufi ba, akwai kalmar écluse. Malami a Ibohaman ko Buza ko Madawa yana iya zana ta a allo, ya yi ta bayani har muryarsa ta dushe, amma yaron da iyakar saninsa da ruwa mai gudu shi ne kori, wanda ke cika da dare ya janye kafin azahar, da wuya ya gaskata cewa akwai ƙasar da jirgin ruwa ke hawan tudu. Hausa ba ta raɗa wa wannan abu suna ba, don Bahaushe bai gina shi ba. Abin da ya fi kama da shi a ginin gargajiya shi ne zaure, wato ɗaki mai ƙofa biyu, baƙo ya shiga ta ɗaya, ya dakata a yi masa iso, sa'an nan ya wuce ta ɗayar. Saboda haka a wannan maƙala za a kira shi zauren ruwa.

Aikinsa ba shi da wuyar fahimta. Jirgin da ke son hawa yakan shiga ta ƙofar gangare, a rufe ta a bayansa. Sai mai tsaron wurin ya buɗe ƴan tagogin da ke jikin ƙofar tudu, ruwan da ke bisa ya riƙa kwararowa ciki, jirgin yana ɗagowa kamar ƙwaryar da aka bari cikin randa ana zuba ruwa, har ruwan zauren ya yi daidai da na gabansa. A nan ne ƙofar tudu za ta buɗu, jirgi ya wuce. Mai sauka kuma haka, sai dai shi zubar da ruwan ake yi. Babu ƙarfin da ke ɗaga jirgin in ban da nauyin ruwa. Amma duk lokacin da jirgi ya ratsa, cikin zaure guda na ruwa, ɗaruruwan mita kubik, ya gangara ke nan, ba zai komo ba. Don haka duk mai son jirginsa ya tsallake tudu, tilas ya tanadi ruwa a ƙolin tudun nan, rani da damina. Kusa da ƙasar Hausa an gina irin wannan zaure a madatsar Kainji da aka gama a 1968, gangare da Yawuri, sai dai jiragen kayan da aka yi shi dominsu ba su taɓa yawaita ba. Wanda ke son ganin inda dabarar ta yi aiki shekaru ɗari uku da ɗoriya, sai ya dubi kudancin Faransa.

Faransa na da teku biyu, Atilantika a yamma da Bahar Rum a kudu. A da, ɗan kasuwar da ke son kai kaya daga Bordo zuwa Marsai ta ruwa sai ya kewaye ƙasar Sifen da Fotugal, ya bi ta mashigin Jibraltar, tafiyar kilomita wajen 3,000, ga guguwa ga ƴan fashin teku. Alhali kuwa kogin Garon na ɗaukar jirgi daga Bordo har birnin Tuluz, daga Tuluz zuwa Bahar Rum kuma kilomita 240 ne kacal. Tun ƙarni na 16 sarakunan ƙasar ke sa a yi musu nazarin haƙa mashigi a tsakanin, amma kowane nazari a wuri guda yake tuntuɓe. Hanyar dole ta bi ta wani tudu mai suna Naurouze, mai tsayin kusan mita 190 bisa teku, kuma babu kogin da ke bi ta kansa.

Wanda ya warware ƙullin ba injiniya ba ne. Pierre-Paul Riquet, haifaffen Beziye, mai karɓar harajin gishiri ne a lardin Langedok, kuma a wannan sana'a, wadda talakawa ba su ƙaunar mai yin ta, ya tara dukiyarsa. Yana da shekara hamsin da wani abu, lokacin da tsararrakinsa ke neman hutu, ya rubuta wa Colbert, babban wazirin kuɗi na Sarki Luwi na 14, wasiƙa a watan Nuwamba na 1662. Abin da ya gano shi ne, arewa maso gabas da Naurouze akwai wani tsauni da ake kira Montagne Noire, wato Baƙin Dutse, mai yawan ruwan sama da ƙananan ƙoramu. In aka tare ƙoramun nan ɗaya bayan ɗaya, aka haɗa su cikin lambatu guda mai bin gefen tsaunin a hankali, ruwan zai iso ƙolin tudun da kansa, daga nan ya rabu biyu, wani ya nufi Tuluz, wani ya nufi Bahar Rum. Ba daga littafi ya samo wannan ba. Ya taka tsaunin da ƙafa tare da wani mai gyaran hanyoyin ruwa na garin Revel, Pierre Campmas, wanda ya san kowace ƙorama. A 1665 ya haƙa ƙaramin lambatu na gwaji da kuɗin aljihunsa, ruwa ya iso Naurouze a gaban masu shakka, sarki kuma ya ba da izinin aikin a watan Oktoba na 1666. Masu iya magana sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Saura matsalar rani, lokacin da ƙoramun ke ƙafewa. Maganinta shi ne madatsar Saint-Ferréol, wadda aka soma a 1667 aka ɗauki kimanin shekara biyar ana yi: bango mai tsawon kusan mita 800 da tsayi fiye da mita 30, yana riƙe da ruwa sama da mita kubik miliyan 6. A zamaninta tana cikin manyan madatsun duniya. Matafiyin da ke cikin jirgi ba ya ganin ta ko kaɗan, don tana can cikin tsauni, nesa da hanyarsa, amma ba domin ita ba da ko zaure ɗaya bai cika ba a watan Agusta.

Ma'aikatan sun kai dubu 12 a lokacin da aikin ya fi zafi, da shebur da diga da kwando. Riquet ya yi wani abu da ba a saba gani ba a wancan zamani: yana biyan albashin wata, har da ranakun Lahadi da ranakun da ruwan sama ya hana aiki da ranakun rashin lafiya. Ba tausayi kaɗai ya sa shi ba, ya san in bai yi haka ba gonaki za su janye masa mutane. Cikinsu akwai mata masu yawa, su ne suka yi jigilar ƙasar madatsar kwando bayan kwando, ko da yake a lissafin biya mata uku ake ƙirgawa a matsayin maza biyu. Wata masaniya ta Amurka, Chandra Mukerji, ta nuna a littafinta na 2009 cewa wasu daga cikin matan nan sun fito ne daga ƙauyukan tsaunukan Firene, inda tun kaka da kakanni ake jan ruwa da lambatu zuwa gonaki da makiyaya, kuma saninsu na yadda ruwa ke bin gefen dutse ya shiga cikin aikin. Sunan Riquet na kan tituna da mutum-mutumi. Nasu bai kai ga allon makaranta ba.

An yi kuskure, an gyara. Zaurukan farko masu miƙaƙƙen bango ne, ƙasa ta tura bangon wani ya rufta, sai aka koma gina su da siffar ƙwai, mai ciki a tsakiya, kuma galibinsu haka suke har yau. A Fonseranes, daf da Beziye, an jera zaure 8 a kan juna kamar matakala, suna sauke jirgi mita 21 da rabi cikin tazarar mita 300. A Malpas an huda tudu a 1679, jirgi ya bi ta ƙarƙashin ƙasa. Kafin a iso Fonseranes kuwa akwai tafiyar kilomita 54 da babu zaure ko ɗaya, mashigin yana ta lanƙwasa yana bin tsayi guda, wanda a wajen masana shi ne ya fi nuna gwaninta, tun da kuskuren taƙi ɗaya a awo zai sa ruwa ya taru a gefe guda. Riquet ya rasu a ranar 1 ga Oktoba 1680, saura ƴan kilomitoci aikin ya kai ƙarshe, ya bar wa ƴaƴansa bashin da suka shafe shekaru kusan arba'in suna biya. A watan Mayu na 1681 aka buɗe mashigin, wanda yanzu ake kira Canal du Midi.

To, yaya tafiyar take? A wancan zamani akwai jirgin fasinja da ake kira barque de poste, dawaki ne ke jan sa da igiya suna bin gaɓa. Daga Tuluz zuwa Agde kwana huɗu ne, kuma an tsara zangunansa tamkar na ayarin fatake: wurin cin abincin rana daban, wurin kwana daban, kowanne da masauki da bargar dawaki da ɗan ɗakin ibada. Daren farko a Castelnaudary, na biyu a Trèbes kusa da Karkason, na uku a Le Somail. Sai dai fasinjan bai cika samun daɗin kallon jirginsa yana ɗagowa ba. A duk inda zauruka suka yi jeri, sauka yake yi, ya ɗauki kayansa, ya taka zuwa wani jirgin da ke jira a ɗaya gefen, fiye da sau ashirin kafin a kai. Dalili shi ne tattalin lokaci da tattalin ruwa, don ba a ga hujjar zubar da zaure uku ko huɗu saboda mutanen da ke da ƙafa ba. Thomas Jefferson, wanda daga baya ya shugabanci Amurka, ya bi mashigin a watan Mayu na 1787 yana jakadan ƙasarsa a Faransa. Ya sa aka ɗora keken-dokinsa a kan jirgi, ya yi kwana tara yana awon zauruka yana rubutu, don yana da burin ganin irinsa a ƙasarsu.

Wanda ya taso daga Tuluz gonakin alkama zai fara ratsawa. Sai ya wuce Karkason ƙasa za ta sauya, ta zama busasshiya mai tsakuwa da iska, inabi jeri-jeri har iyakar gani. Matafiyin yau yakan ɗauka haka wurin yake tun fil azal, alhali hanya ce ta mai da shi haka. A zamanin Riquet manomin yankin na shuka alkama da zaitun da inabi, don abin da bai noma ba ba zai ci ba. Da mashigi ya soma kawo alkama daga yamma da araha, yana kuma fitar da giyar inabi zuwa tashar jiragen Set, wadda aka kafa a 1666 saboda wannan aikin, sai manomi ya ga ya fi riba ya sayi abinci ya noma abin sayarwa. Mutumin Galmi ko Madawa da ya ga abin da kwalta ta yi wa albasa ba ya bukatar dogon bayani a nan. Jirgin ƙasa da ya haɗa Bordo da Set a 1857 shi ya ƙarasa juyin, yankin kusan duka ya koma shuka ɗaya.

Shuka ɗaya kuwa masifa ɗaya ta ishe ta. Daga shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, wanda ya shigo daga Amurka, ya cinye gonakin inabi lardi bayan lardi. Aka sake dasawa a kan saiwar inabin Amurka da ƙwaron ba ya kashewa, amfani ya dawo har ya yi yawa, ga ta jabu da ake haɗawa da sukari, farashi ya faɗi ƙasa warwas. A 1907 manoman suka yi bore, kuma daga Argeliers, wani ƙauye a bakin mashigin, wutar ta tashi, ƙarƙashin wani manomi mai suna Marcelin Albert. Ranar 9 ga Yuni mutane wajen rabin miliyan suka taru a Monfeliye. Bayan ƴan kwanaki sojoji suka harbe mutane a Narbon, wata runduna ta ƴan yankin kuma ta ƙi bin umurni, ta taka daga Agde zuwa Beziye ta shiga cikin jama'a.

A lokacin mashigin kansa ya riga ya sha kaye. A 1858 aka ba kamfanin jirgin ƙasa hayarsa na shekara arba'in, wato an ba kura ajiyar nama, kamfanin ya tsara kuɗin fito yadda kaya za su gudu zuwa dogo. Gwamnati ta karɓe shi a 1898, ya ci gaba da jan ƙafa har jigilar kaya ta mutu a ƙarshen shekarun 1980. Masu yawon buɗe ido ne suka gaje shi, suna hayar jirgi na mako guda, ba a yarda su wuce kilomita 8 a awa ba, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1996. Ko inuwar da suke zuwa nema ba ta tsira ba: daga 2006 wata cuta ta kama manyan itatuwan platane 42,000 da ke gaɓarsa, an sare fiye da rabinsu, ana dasa wasu iri.

Akwai wani babi na tarihin da littattafan yawon buɗe ido ba su cika tsayawa a kansa ba, shi ne kuwa ya fi shafar mai karatu na Adar, wato babin yashi. Don gaggawa da ƙarancin kuɗi, Riquet ya bar ƙoramu da yawa suna zubowa kai tsaye cikin mashigin. Da aka yi ƴan damuna sai laka ta fara toshe shi. Babban tafkin da ya haƙa a Naurouze, wanda ya yi mafarkin gina gari a kewayensa, ya cike da laka cikin ƴan shekaru aka bar shi. A 1686, shekara biyar kacal da buɗewa, sarki ya aiko babban injiniyansa Vauban ya duba. Vauban ya yaba aikin, sa'an nan ya ba da umurnin gina gadoji da magudanai masu yawa domin ruwan ƙoramu ya wuce ta ƙarƙashin mashigin ba tare da ya haɗu da shi ba, aikin da ya ci wasu shekarun. Bayan haka kuma lokaci-lokaci ana tsai da zirga-zirga, a zubar da ruwa, a yashe laka, a gyara ƙofofi. Kuɗin daga ina? Sarki ya mallaka wa gidan Riquet mashigin, su ke karɓar kuɗin fito a kan kowane kaya, in ya toshe su ne farkon masu asara. Ana iya sukar wannan tsari ta fuskoki da dama, amma ya amsa tambayar da kowane aikin ruwa ke yi wa masu shi tun daga damina ta biyu: wa zai yi yasa, wa zai biya shi?

Mutanen Ibohaman sun san tambayar. A ƙarshen shekarun 1960 aka gina musu madatsa da filin noman rani mai ɗaruruwan hekta a ƙarƙashinta. Kamar na Naurouze, tafkin ya riƙa shan yashi kowace damina, don ruwan da ke saukowa daga dabagi da fako ba shi kaɗai yake zuwa ba, da ƙasar gonakin mutane yake tafe. An gina wurin ajiya a gindi, an bar tudun tsirara.

Bayan farin 1984, shekarar da ake kira El Buhari, aka soma babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya, tare da FAO da PAM, wanda daga baya ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Hikimarsa ita ce a faro daga sama. A kan dabagi aka ja kunyoyi aka jera musu duwatsu, a jikin tsauni aka haƙa ramuka aka dasa itatuwa, a cikin kori aka gina shingayen dutse cikin ragar waya ɗaya bayan ɗaya, sai a fadama aka yi madatsun da ke baza ruwa ya jiƙa ƙasa. Wanda ya tsaya a ƙolin dutse ya dubi kwarin zai ga matakala ce, ƴar'uwar ta Fonseranes. Bambancin shi ne can ana riƙe ruwa mataki-mataki don jirgi ya wuce, nan kuwa ana riƙe shi don ya rage gudu, ya ajiye ƙasar da ya ɗauko, ya nutse ya cika rijiyoyi. Cikin kusan shekara ashirin an farfaɗo da fiye da hekta 30,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18. Mafi yawan masu aikin mata ne, suna ɗaukar dutse a ka ana biyan su da abinci, don mazan sun tafi bida. A nan ma sunayen da suka shiga rahotanni na masu sa hannu ne.

Inda lamarin Adar ya fi na Langedok wuya shi ne wurin kuɗin fito. Jirgi dole ya tsaya a bakin zaure, a nan ake karɓar abin da za a yi gyara da shi. Ruwan da ya nutse a jikin tsauni kuwa ba ya tsayawa a ƙofar kowa. Wanda ke da gona a tudu shi ke da wahalar mai da dutsen da ruwa ya ture, wanda ke da garkar albasa ko tumatir a fadama shi ke samun ruwa kusa a rijiyarsa, galibi ma ba garinsu ɗaya ba. Muddin akwai buhun abinci na aikin, ba a ji wannan giɓi ba. Da aikin ya ƙare, shingen da waya ta tsinke a kori ya zama na kowa, kuma kori in ya sami kafa ɗaya damina biyu ta ishe shi ya kewaye shingen ya buɗe sabuwar hanya.

A Faransa hukumar Voies Navigables de France, wadda aka kafa a 1991, ita ke riƙe da mashigin yanzu, kuma cikin hunturu, lokacin da baƙi suka ɗauke ƙafa, take tsai da jirage ta zubar da ruwan wasu sassa ta yi gyara. A kwarin Keita da Majiya lokacin gyara shi ne bayan girbi zuwa bazara, kafin hadarin farko. Watannin nan ne kuma motoci ke cika a tashoshin Keita da Buza da Madawa da samari masu tafiya Abijan da Legas da Libiya.